Abin da Na'urata Ta Gano a Filin Ammu Salihu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da yake ba ni da tabbacin wace Juma'a ce. Ni ina ganin ƙarshen Rajab ne, abokina Bashir kuwa ya dage cewa Sha'aban ya riga ya kama. Na dogara ne da abin da na tuna, da bidiyon da Bashir ya ɗauka (wanda ya ƙi gogewa), da kuma bayanin wani kuku, wanda ban amince da shi sosai ba saboda cikin fushi ya bayar da shi.

Na zo Jidda da kwantiragin aiki bayan na kammala digiri a fannin duwatsu da ma'adinai. Kwantiragin ya kusa ƙarewa, iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ita ma haka, kuma idan ban samu sabon kafili, mai ɗaukata aiki ya tsaya mini, ba, sai dai in tattara kayana in koma gida. Bashir haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Jidda, yana da kawu mai kamfanin gine-gine, Ammu Salihu, wanda yake neman mai duba ƙasa kafin a aza harsashi. Bashir ya ce kawun nasa ba ya duba takardu sai ya fara ganin mutum, saboda haka in zo walimar da zai yi wa abokansa a wani filinsa da ke arewa da gari, in gaisa, in ci abinci, in yi shiru. Maganar shirun ya nanata ta sosai.

A lokacin ina cikin zazzaɓin wata na'ura da na saya mai gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Duk ƙarshen mako nakan bar ɗakina a unguwar Bani Malik in fita bayan gari neman tsofaffin kwabbai. Abin da na tara bai wuce murafen kwalba da ƙusoshi ba (na jera su bisa yawan tsatsa). Amma na karanta cewa ayarin alhazan zamanin da sun ratsa wannan yanki, don haka na saka na'urar a bayan mota.

Bayan sallar Juma'a muka isa. Dattawa suka zauna cikin tanti ana shan gahawa, ni kuwa na yi shirun da aka umarce ni har na gaji, sai na zame na zaga bayan katanga. Ban yi nisa ba na'urar ta saki ƙarar da ban taɓa jin irinta ba. Na auna wurin ta kowace kusurwa: ƙarfe ne mai faɗi, zagayayye, kamar girman tayar mota. Na taɓa yashin na ji ɗumi, sai na gamsar da kaina cewa ƙarfe yana riƙe zafin rana. Na kuma ji wani ƙamshi, na ɗora shi a kan iska. (Ina roƙon mai karatu ya lura cewa duk hujjojin suna gabana. Abin da ilimina ya yi shi ne ya kore su ɗaya bayan ɗaya.)

Na san kayan tarihi ba na wanda ya tsinta ba ne, hukuma ake sanar wa, kuma a ganina aikin kirki yana buƙatar shaidu. Saboda haka na koma tanti, na katse wa Ammu Salihu magana a gaban baƙinsa, na shaida masa cewa akwai yiwuwar filinsa ya shiga tarihi. Ya dube ni, ya dubi Bashir, ya ajiye kofinsa.

"Yalla, ya muhandis, injiniyanmu, mu je mu gani."

Dattawa suka biyo ni cikin fararen riguna. Na ba Bashir umarnin ɗaukar bidiyo, na fara haƙa ina jawabi. A bidiyon ana jin Bashir yana cewa in dakata, ana kuma jin ni ina roƙonsa kada ya katse aiki. Da na ci karo da wani jiƙaƙƙen buhu, na bayyana wa jama'a cewa danshi ne ya adana tsohuwar saƙa. A ƙarƙashinsa murfin ƙarfe ne. Na zura bakin shebur na bankaɗa shi, kuma duk yashin da na tara a gefen ramin ya zube ciki.

Tururi ya tashi. Rago ne sukutum a kan ragar ƙarfe, shinkafa a ƙarƙashinsa. Mandi ne, naman nan da ake dafawa a cikin ganga a binne a ƙasa. Kukun walimar ya binne ta tun da safe a bayan katanga don gudun iska, ya shiga mota yana hutawa.

Dattawa suka matso. Can wani tsoho ya leƙa ramin, ya ce, "Ma sha Allah, alhazan zamanin da sun iya girki. Har yanzu da zafinsa."

Kuku ya iso a guje babu takalmi. Abin da ya faɗa da Larabci ba zan kawo shi nan ba, domin ban fahimci rabinsa ba, rabin da na fahimta kuwa ya shafi dangina. Ni dai ina tsaye da shebur ina ƙoƙarin bayyana cewa na'urar ba ta yi kuskure ba, tunda ganga ƙarfe ce. Ammu Salihu ya dafa kafaɗata.

"Halas, ya waladi, ya isa haka, ɗana. Rufe masa, kada ya huce."

A ranar manyan mutanen nan kaza da shinkafar bakin hanya suka ci a cikin robobi, Bashir ne ya je ya sayo. Darasin da na koya shi ne, idan ƙasa tana da ɗumi kuma tana ƙamshin albasa, a fara tambayar kuku kafin a tambayi tarihi.

Tun daga lokacin Ammu Salihu yana yawan gayyatata majalisinsa. Duk zuwan da na yi sai ya zaunar da ni kusa da shi, ya sa in ba sababbin baƙi labarin, kuma yakan gyara mini idan na tsallake buhun. Maganar aiki kuwa bai ɗaga ba, ni ma ban samu fuskar ɗagawa ba, iƙamata tana ta matsowa ƙarshe. Bashir ya ce kawunsa ba ya ajiye mutum kusa da shi a banza. Har yanzu ban sani ba: ɗaukata aiki zai yi, ko kuwa labarin kawai yake so?