Fentin da Na Yi wa Randar Hajiya

Wani azumi, ana tsakiyar zafin Bauchi, na lura kullum jikin randar Hajiyarmu a jiƙe yake. Na ce ai yoyo take yi. Na sayo fentin mai shuɗi na shafe ta tas, har sau biyu, na koma gefe ina jiran yabo.

Ranar da aka sake cika randar da ruwa, Hajiya ta kurɓa da magariba, ta dube ni. "Kai, wa ya dafa ruwan nan?"

Na dage cewa laifin rana ne. Don in kafa hujja na kirawo maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, mai koyar da kimiyya a Gubi. Ta zagaya randar tana danne dariya.

"Maƙwabci, ai jiƙewar nan ce sanyin. Ruwan da ke tsattsafowa, in iska ta busar da shi, sai ya tafi da zafin na ciki, kamar gumi a jikinka. Kai kuwa ka toshe hanyar."

Na ce, "Amma ta daina yoyo?" Ta ce ta daina. Na ce to alhamdulillahi, aikina ya yi kyau.

Har yau in baƙo ya nemi shayi, sai Hajiya ta ce, "Ɗebo masa a randar Injiniya, sukari kawai za a zuba."