Zomon da na nema a sama

Bashir, ƙanin matata, shi ya kai ni filin harbin faifan yumɓu, irin wanda inji ke cillowa a harba, a hanyar Jidda. Tun daga unguwar Kudai nake cika masa baki a mota cewa kakana maharbi ne, harbi a jinina yake. Ni da aka haifa a Makka, inda ko tantabara ba a kora!

Mai koyarwa ya fara bayanin sunayen faya-fayan: wannan tantabara, wancan agwagwa, kowanne da irin tafiyarsa. Na ɗaga masa hannu. "Halas, ya ahi, ya isa haka ɗan'uwa, ba yau muka fara ba."

"To, ga zomo nan," in ji shi.

Na gyara tsayuwa, na kashe ido ɗaya, na saita bindiga sama. Shiru. Ashe shi zomo ta ƙasa ake gangaro shi. Ya wuce ta gabana yana tsalle-tsalle, ya je ya kwanta lafiya lau, ni kuwa ina can ina gadin sararin samaniya.

Bashir ya yi dariya har ya durƙusa. "Yaya, zomayen kakanka fukafukai gare su?"

Har yau, ko hasumiyar agogon Makka na ɗaga kai zan duba, sai matata ta taɓa ni a hankali: "Maigida, ta ƙasa ya bi."