Ruwan Kilim ɗin Mai Girma

Rahina ta rasu ranar Laraba, cikin Afrilun bara. Tun daga ranar ni ke zuba wa motar ruwa.

Na pampo nake zuba mata, yadda na shekara ashirin ina cewa a yi. Ni malamin makaranta ne kafin in aje alli, kuma cikin duk littattafan da na karanta babu wanda ya ce ƙarfe yana zaɓen abin sha. Ita kuwa matata, kowace Asabar da safe sai ta ɗaga kapo, wato murfin injin, ta ɗauko wani bidon ruwa daga bayan madafa, ta auna, ta haɗa da koren ruwan nan da makanikai ke kira likid, ta tsiyaya cikin radiyato kamar mai ba jariri magani. In ce mata, "Ruwa dai ruwa ne, Rahina." Ta ce, "To, Mushe," yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ta ci gaba da abinta.

Watan jiya na ga allurar zafi tana ɗan hawa, sai na shiga kasuwa neman likid. Akwai kore, akwai ja, akwai shuɗi, har da wani mai kalar zoɓo da ba a rubuta komai a jikinsa ba. An ce akwai kwamitin da ke duba irin waɗannan kaya kafin su shigo mana. Na yarda akwai shi, don na taɓa ganin hoton walimarsa. Mai rumfar ya miƙo mini ja, ya ce, "Wannan shi manya ke zubawa." A jikin bidon an yi alƙawarin injina ba zai daskare ba ko sanyi ya kai talatin ƙasa da sifiri. A Yamai! Ban taɓa samun alƙawarin da na tabbata za a cika ba sai wannan. Na saya, na ɗora shi a kan sauran koren da ke ciki.

Talatar da ta wuce, ƙarfe ɗaya na rana, aka tsayar da mu a bakin gada. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ne zai wuce, zai buɗe taron nazarin zafin rana a wani otel mai sanyi. Allah ya ja zamaninsa, ai zafi sai da nazari. Mun yi minti arba'in muna yi masa namu nazarin a kan kwalta. Kafin motarsa ta goma sha biyu ta gifta, tawa ta fara tururi.

Wani mai kabu-kabu ya leƙo. "Baba, shayi ake dafawa? A sam mana kofi ɗaya."

Shi ya taya ni tura ta har garajin Abdou a Zongo, don haka na yafe masa.

Abdou ya bar injin ya huce, sannan ya kwance tiyon ƙasa. Abin da ya zubo ya yi kama da kunun da ya kwana uku.

"Mushe, me ka ba ta?"

"Ruwa. Da likid na manya."

"Ja a kan kore? Ita wannan ta girmi aurena. Likid irin na da take so, wanda aka yi don tsohon ƙarfe da tagulla. Kuma ba kala ake dubawa ba, rubutun jiki ake karantawa. Kai da ka koya mana karatu!"

"Na karanta. Sun ce ba zai daskare ba."

"Ba don sanyi muke zuba shi ba a nan. Don tsatsa ne, da jinkirta tafasa. Ruwan pampo kuma yana barin ƙasa-ƙasa har ya toshe hanyoyin." Ya goge hannunsa. "Gobe zan buɗe kan injin. In ya tsage, ba na jin za a samu irinsa. Sai masu sayen ƙarfe."

Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba. Motar nan ba ta da wata daraja a kasuwa. Amma kujerar gaba har yanzu a matse take zuwa gaba, daidai tsawon ƙafar Rahina, kuma ban bar kowa ya ja ta baya ba.

Da na koma gida a ƙafa, maƙwabciyata Tabawa tana tsintar shinkafa a ƙofa. Tare suka yi aiki da Rahina a wani ofis: Rahina na buga takardu, ita tana shara. Na gaya mata abin da ya faru.

"Ina bidunan da ta bari?"

"Ranar zaman makoki pampo ya ɗauke. Da su aka yi alwala."

Tabawa ta aje faifai, ta yi salati, sannan dariya ta ƙwace mata. "Wayyo Mushe! Ruwan kilim ɗin Mai Girma ne fa. Na'urar sanyin ofishinsa ba a kashe ta, ko yana nan ko yana ƙasar waje neman mana ci gaba. Da damina sai ta dinga ɗiga ta bayan taga. Rahina ta ji wurin Abdou cewa ruwan ba ya barin komai cikin radiyato, sai ta kafa bido. Damina ashirin tana tara maka, tana tacewa da ƙyalle."

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ta ce in ta faɗa, za ka ɗauko littafi."

Ashe duk rubutun da nake yi cewa manya ba su taɓa tsinana mini komai ba, ƙarya nake. Shekara ashirin suna shayar da motata, ba da saninsu ba. Ina neman afuwa, ranku ya daɗe. Kada dai ku kafa kwamiti a kai, ɗigon zai tsaya.

Washegari Abdou ya kira. Kan injin bai tsage ba, abin da ke tsakaninsa da jikin injin ne ya ƙone. Ya wanke radiyaton sau uku, da na je ya sa na karanta jikin sabon bidon likid da ƙarfi a gaban kowa kafin ya zuba. Tabawa kuma ta ce da ruwan farko za ta mayar da bido ƙarƙashin tagar, don Mai Girma na yanzu ma ba ya kashewa.

Da na kunna motar, allurar ta hau rabi ta tsaya, inda take tsayawa lokacin Rahina. Na juya wajen kujerar. Shekara talatin da ɗaya ina cin ta gardama, don ita ba ta yi. Kalma huɗu ce kawai, kuma na san su tun ina aji ɗaya: ke ce da gaskiya.