Ranar da Dattijo Ya Gudu da Ni

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin abokina Sani ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai mutanen da ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku gane girman wautar. Ni mutumin Tiga ne. Kakanninmu suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ya cinye garinsu. An ce kakana har doki gare shi a tsohon gari, amma ni da na buɗe ido kwalekwale na gani da koma. Sana'ata bandar kifi, ina kaiwa kasuwar Tudun Wada. In maganar ruwa ce, a tsaye nake tuƙi ko iska na kaɗawa. Amma doki, kafin wannan rana ko bayansa ban taɓa shafawa ba.

Sai dai Allah ya yi ni da bin diddigi. Abin da ya daɗe yana damuna game da sukuwa shi ne: shin dokin nan yana son gudun da yake yi, ko tsoron bulala ne kawai? In aka nuna min sukuwa a waya, kowa na kallon wanda ya zo na ɗaya, ni kuwa ina kallon kumfar bakin dokin da yadda haƙarƙarinsa ke bugawa.

A wani ƙauye na ƙasar Kiru aka yi bikin, bayan an gama girbi. Dangin Sani masu dawaki ne, don haka suka shirya sukuwa bayan la'asar a wata shararriyar gona, mahaya suka zo har daga Bebeji da Doguwa. Ni kuma ba don Sani kaɗai na je ba. Akwai Binta, ƙawar amarya, 'yar ƙauyen, wadda muka daidaita da ita, saura manya su shiga maganar. Ta ce min ƙawayenta suna son su gan ni. Saboda haka na aro babbar rigar yayana shuɗiya, da wandonta (yayana ya ninka ni a ƙiba, sai da na tattare wandon na ɗaure da zariya tamau), na kafa hula, na fesa turaren da zai danne warin hayaƙin banda.

An yi zagayen farko ina tsaye kusa da inda aka ɗaure dawakai. Wani matashi ya dawo a kan baƙin ingarma, dokin na huci, gefen cikinsa duk jini inda kaimi ya soke shi. Ban san lokacin da bakina ya kufce ba.

"Wallahi wannan zalunci ne! Dabba ba ta ce tana so ba, a hau ta a yi ta suka don a burge mutane."

"Samari, daga ina?"

Na waiwaya. Wani tsoho ne zaune a kan tabarma, da farin gemu da 'yar tsohuwar jamfa, kusa da wani doki fari-fari mai ɗigo-ɗigo da ya sunkuyar da kai yana cin harawa. Na rusuna na gaishe shi, na ce daga Tiga.

"To, mutumin ruwa. Kifin da kake bandawa, shi ya ce maka yana so?"

Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma na ce, "Baba, ai kifi abinci ne. Wannan kuwa wasa ne. Ni abin da nake son in sani, in aka ajiye bulala aka cire kaimi, akwai dokin da zai yi gudun nan don kansa?"

Tsohon bai ji haushi ba. Sai ma ya gyara zama kamar na sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce wanda ya fitar wa baƙin dokin nan jini bai iya hawa ba ne, kuma shi ma abin ya ɓata masa rai. Ya nuna dokinsa ya ce sunansa Dattijo, a da babu mai shan gabansa a duk yankin, amma tunda ya taɓa yin targaɗe a ƙafar gaba ya daina sa shi sukuwa, shekaru ke nan. Yana dai kawo shi ne da sirdinsa, ya sha iska, ya ga 'yan'uwa.

"Amma in aka buga gangar tashi," in ji shi, "sai ka ji jikinsa na rawa. Ba a ganin abin da ido, sai wanda ke kansa. In kana son amsar tambayarka, hau ka zauna. Ba bulala, ba kaimi. Ka ji da cinyoyinka."

Na kalli Dattijo. Idonsa a lumshe, leɓensa na ƙasa ya saki, ƙuda na yawo a hancinsa bai ko kula ba. Na hango can ƙarshen gona, gindin wata ɗorawa inda mata suka taru, na tabbata Binta na cikinsu. Sai zuciyata ta raya min yadda zan fito a kan doki da shuɗiyar babbar riga. (A nan zan faɗi gaskiya: neman sani ya kai rabi, ragowar rabin ɗorawar nan ce.)

Mutum biyu suka tallafa min na hau. Ashe doki tsawo gare shi haka! Na zura takalmina a likkafa, tsohon ya miƙa min linzami ya ce in riƙe sakwa-sakwa, shi kuma ya kama ragama. Ana jera dawakan zagaye na biyu can gabanmu kaɗan.

Sai na ce, "Baba, ku saki ragamar mana. In kuna riƙe da shi ai ba mu gwada komai ba."

"Ƙafarsa ba za ta bar shi ba ma," ya ce, ya saki. "Iyakarsa ya buga kofato."

Aka buga ganga.

Tsakani da Allah na ji abin da ya faɗa. Wata irin rawa ta taso daga cikin dokin, kamar injin ban-ruwa in an ja igiyarsa, kunnuwansa suka miƙe. Na buɗe baki zan ce, "Lallai kuwa, Baba," ban ƙarasa ba. Dattijo ya yi wata haniniya ya yanka a guje.

Abin da ya biyo baya, yawancinsa a wayoyin mutane na gan shi daga baya. Hulata ce ta fara tafiya. Sai iska ta ɗage babbar rigar ta kifa min ita a ka, na daina ganin komai sai shuɗi. Ƙafata ɗaya ta fice daga likkafa. Na finciki linzami da iya ƙarfina kamar mai jan koma, dokin ya girgiza kai ya ƙara wuta. Da na ga haka na saki komai na rungume wuyansa. An ce an ji muryata har bakin hanya ina cewa, "Don Allah ka tsaya! Na yarda! Wallahi na yarda!" An kuma ce na kira Innata. Wannan ban tuna ba, amma na ji da kunnena a waya, don haka ba na musu.

Mahayan da muka cimma suka riƙa waiwaye suna ganin doki ɗauke da ƙunshin shadda yana wuce su. Jama'a kuwa suka ɗauke da ihu, "Dattijo! Dattijo ya dawo!" Wasu sun ɗauka wani gwanin ne ya zo da sabon salon hawa.

A ƙarshen gona, dab da ɗorawar nan, nan ake tsayawa. Dattijo ya san haka, ni ban sani ba. Ya kafa ƙafafunsa ya yi zamiya, ni kuma na ci gaba da tafiya. Zariyar wandon ta riga ta tsinke tun a hanya, wandon ya maƙale a goshin sirdi ya zauna abinsa. Na bi ta saman kan doki na faɗa cikin wani babban baho na zoɓo da aka haɗa wa baƙi.

Na yaye rigar daga kaina, zoɓo na zuba daga gashina, ƙafafuna a sama, daga ni sai ɗan gajeren wandon ƙwallo da ya sha wanki. Mata sun kewaye ni, wasu sun toshe baki da mayafi. Wata tsohuwa ta ga jan ruwan ta fasa salati, "Ya fashe! Kansa ya fashe!" Sai wata ta ce, "A'a Iya, zoɓo ne." Daga nan dariya ta ɓarke. Cikin dariyar na ji wata yarinya na tambaya, "Binta, wai wannan ne?"

Ban ji amsar Binta ba, don a lokacin tsohon ya iso da sassarfa yana haki. Ko kallona bai yi ba, wajen dokinsa ya nufa. Sai na ji muryarta tana cewa, "Baffa, ku bi a hankali."

Baffa. Yayan mahaifinta. Tun rasuwar mahaifin nata shi ne uba, shi zai ba da aurenta. Ta sha ba ni labarinsa, ban taɓa ganinsa ba. Na so in koma cikin bahon in nutse, amma zoɓon ya ƙare.

Sani ne ya zo ya yafa min zanin wata baiwar Allah, ya ciro min wandona daga sirdi. Ina ɗaure da zani na lallaɓa wurin dokin, kuma abin da na gani ya fi faɗuwar yi min ciwo. Dattijo na tsaye a kan ƙafa uku, ya ɗage ta gaba, jikinsa na ɓari. Gefen bakinsa na zubar da jini. Ba bulala, ba kaimi, fincikar linzamin da na yi ce ta yanke shi. Ni da na tsaya ina wa mutane wa'azin zalunci, a ranar babu wanda ya ji wa doki ciwon da na ji wa wannan.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ku yafe min."

Ya shafa ƙafar dokin. "Ni na saki ragama," ya ce. "Na ɗauka na san shi."

A daren na gaya wa Sani cewa maganar aure ta mutu. Amma ƙafar dokin ta hana ni sukuni, in ta lalace gaba ɗaya ni ne sila. Bayan kwana biyu na ɗaure buhun dusa a babur na koma ƙauyen, ina ganin yara na nuna ni. Baffa ya karɓe ni ba yabo ba fallasa, ya miƙa min tsumma da ruwan zafi ya nuna min yadda ake gasa ƙafar. Haka na yi ta zuwa duk ranar da ba kasuwa. A hankali kumburin ya saɓe, Dattijo ya fara taka ƙasa, ko da yake ɗingishin bai rabu da shi ba har yau.

Wata rana ina gashin, Baffa ya kama hannuna ya ɗora a gefen cikin dokin. Na ji wasu tsofaffin tabo a ƙarƙashin gashi, birjik.

"Ni na yi masa su," ya ce. "Ina ji da ƙarfi a lokacin, ba na son a wuce ni. Targaɗen ma a wata sukuwa ya same shi, na ji yana ragewa na ƙi ɗaga masa. Tambayarka ba ta banza ba ce, ɗan nan. Yana son gudu, ka gani da kanka. Amma shi bai san na ɗaya ba, bai san na biyu ba. Mu muka sani."

Na ce, "To Baffa, zalunci ne ko ba zalunci ba ne?"

Ya yi dariya. "Kai har yanzu ba ka daddara ba? Je ka turo manyanka, mu yi maganar da ka sani."

An ɗaura aure kafin damina. Binta ta ce abin da ta gaya wa ƙawarta ranar shi ne, "Shi ne, sai dai ba kullum yake haka ba." A ƙauyensu kuwa ba mai kirana da sunana, Barde suke ce min, har limamin.

Ina zuwa kallon sukuwa har yanzu, kuma ban gama samun amsa ba. Na ga mahayin da ya ja dokinsa ya fita daga fili don ya ji numfashinsa ya canja, na ga wanda da za a ba ni iko da shi zan ɗaura wa sirdin. Abu biyu dai na tabbatar: duk mai son ya binciki abin da ke ran doki, ya yi bincikensa ƙafafunsa biyu na ƙasa, kuma kafin ya yi gardama da tsoho a garin budurwarsa, ya fara tambayar ko baffan wane ne.