Fiffiken da Bai Fito Ba

Ni ne fa masanin kifi a unguwarmu ta Nyohini, duk a waya na koya. Sai abokina Fuseini ya kawo kifin ado da ake kira tetra daga Kumasi, ƙanana masu layin shuɗi da ja. Kowa ya koma shagonsa kallo, har Ayisha mai waace, wato shinkafa da wake, wadda ke sauraron laccata kullum. Abin ya ci mini rai, wallahi.

Na san Afirka ma muna da namu tetra, don haka na tafi dam na kamfato ƙananan kifi shida na zuba a kwalba, na tara mutane.

Na ce, "Na Fuseini baƙi ne daga Amurka ta Kudu, dangin kifin firana mai cizo. Nawa 'yan gida ne. Yawancin tetra ana gane su da ɗan fiffike tsakanin na baya da wutsiya."

Fuseini ya leƙa kwalbar ya daɗe. "Masa, maigida, ina fiffiken naka?"

Na ce, "Cale, abokina, bai fito ba tukuna. Ka bar kimiyya ga masu ita."

Wata uku ina duba fiffike. Bai fito ba, kifin ne suka yi ta girma da faɗi. Ayisha ta kalle su sau ɗaya ta ce, "Furofesa, ai karfasa ce wannan."

Har yau in na je sayen waace sai ta ɗaga murya: "Furofesa, tetra ta isa gashi? Fuseini ya ce zai kawo banku, tuwon da za mu ci da ita."