Yadda Za Ka Riƙe Sunan Dokta Alhali Kana Tsoron Jini

Ɗan'uwa, idan kana cikin yaran nan da ake ɗebowa kai tsaye daga sakandare a zuba su a makarantar likitanci a Alƙahira, a haɗe musu digiri da likitanci a zama ɗaya, to matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, danginka za su ci gaba da kiranka Dokta ko da ba ka san ta wane gefe saifa take ba.

Ni Abdurrahim, ɗalibin shari'a, na daɗe a garin nan har furfura ta fara leƙo min a gemu, amma har yau ko mai sayar da burodi bai taɓa ce min Malam ba. Shi kuwa Sada, ɗan Funtuwa da muke ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya, tun kafin jirginsa ya tashi daga Kano aka fara ce masa Dokta. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa na zuba masa ido har na gane yadda ake yi.

Matsalar Sada ɗaya ce: in ya ga jini, ƙafafunsa sai su ce ba da su ba. Mahaifinsa ya daɗe yana zargin haka, don haka ya gindaya masa sharaɗi ranar da zai taho: “Ranar da na ji ka gudu daga jini, ka haɗo kayanka. Shagon tayata yana jiran mai zama.” Sada kuwa son karatun nan yake yi da gaske, kuma ya tsani warin taya.

Mataki na ɗaya: Sayi farar riga kafin ka sayi littafi

Ka nufi kasuwar Ataba ka zaɓo farar rigar likita, ka haɗa da abin sauraren ƙirji, ko da na roba ne. Ka rataya shi a wuya, ka tsaya jikin farin bango, ka ɗaure fuska irin ta wanda ya fito daga tiyata, a ɗauke ka hoto. Ka tura zauren dangi na waya. Ba wanda zai tambaye ka me ake koya muku. In ma an tambaya, kada ka kuskura ka ce har yanzu zanen ƙwayar halitta kuke yi da fensir mai launi. Ka ce, “Abin ba ya faɗuwa a waya.”

Mataki na biyu: Haddace amsoshin da ba sa kashe kowa

Daga ranar da hoton ya isa gida, saƙonnin murya za su fara zubowa. Wannan gwiwa, wancan jiri, wata kuma mijinta ne yake minshari. Ka saurara, ka yi gyaran murya, ka ce, “A rage gishiri.” In an matsa, ka ce, “A je a yi gwaji tukuna.” In an turo sakamakon gwajin, ka ce sabis ya ɗauke.

Ka lura, masana sun tabbatar babu Bahaushen da rage gishiri ya taɓa cutarwa, domin babu wanda ya taɓa ragewa.

Mataki na uku: San hanyoyin unguwarku

Duk layin da mahauci yake rataye nama, ba layinka ba ne. Sada yakan zagaya ta bayan tashar jirgin ƙasa don ya sayo tumatir. Da babbar salla kuwa, lokacin da ake yanka a bakin titi, sai ya ce jarrabawa ta matso, ya rufe tagogi.

Mataki na huɗu: Tarbi ɗan leƙen asiri da fara'a

Komai daɗewa, wani daga gida zai zo Alƙahira ganin likita, kuma kai za a miƙa wa shi. Na Sada ita ce Gwaggo Murja, yayar mahaifinsa, mai ciwon suga da waya biyu. Ita ta goya shi yana jariri, kuma duk abin da ta gani da safe, kafin azahar ya kai Funtuwa.

Tana sauka ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

“Dokta, ka rame. Ko yawan fiɗar mutane ce?”

“Aiki ne, Gwaggo, sai dai addu'a.”

“To madalla. Babanka ya ce in zuba ido in ga yadda kake aikin.”

A nan ka yi murmushi. Kada ka haɗiye yawu da ƙarfi yadda Sada ya yi, har direban tasi ya waiwayo.

Mataki na biyar: Nemi tafinta, amma kada a gane

Karatunku da Turanci ake yi, Larabcinka kuwa bai wuce “yalla” (maza) da “tamam” (daidai) ba. Don haka ka jawo wani bawan Allah da ya sha wahalar nahawu, irina, ka ce ya raka ku asibiti. Shi zai yi magana da ma'aikata, shi zai nemo layi, shi zai riƙe jakar Gwaggo. Kai aikinka gyaɗa kai. In ya gama fassara, sai ka ce, “Haka ne, abin da na yi tunani ke nan.”

Gwaggo Murja ba ta taɓa tambayar sunana ba. “Kai, abokin Dokta, miƙo min ruwa.” Na miƙa, ina ta istigfari a zuci.

Mataki na shida: Ranar ɗibar jini, bar rigar a gida

Wannan shi ne matakin da Sada ya tsallake, ka buɗe kunne da kyau. Na ce masa ya sa jallabiya kamar kowa. Ya ce ina, ai Gwaggo so take ta gan shi a kayan aiki. Muka isa wani asibiti a unguwar Dokki, Sada yana ta walƙiya kamar sabon firiji.

Nas ɗin da za ta ɗibi jinin, wata mai suna Arwa, ta ga farar riga sai ta washe baki. Ta ce da Larabci, “Yalla ya doktor, zo ka riƙe min hannun Hajiya.” Na fassara masa da babbar murya, kalma bayan kalma, don amana ce fassara.

Ya matso. Ya riƙe hannun. Allura ta shiga, jini ya fara hawa cikin sirinji. Sada ya ce, “Tamam,” a hankali, sannan ya sulale ƙasa, abin sauraren ƙirjin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado.

Arwa ta ce, “Ma'alish, ba komai, duk haka suke farawa,” ta ɗaga masa ƙafafu. Aka kwantar da Dokta a gadon marar lafiya, marar lafiya kuma ta koma kujera tana yi masa fifita da mayafinta. Ni dai na tsaya riƙe da jaka, kuma gaskiya tausayinsa ya kama ni, don na riga na hango shi zaune a kan taya.

Mataki na bakwai: In za ka faɗi, faɗi a gaban wadda ta goya ka

Ya farfaɗo, ya ga wayar Gwaggo a hannunta, idonsa ya ciko.

“Gwaggo, don Allah kada ki gaya wa Baba.”

“Rufe min baki, Sada. Kai da kake shigewa ƙarƙashin gadona duk ranar layya, yau za ka ba ni labari? Ni na ce wa babanka ya bar ka ka taho. Ka zauna ka koya, tsoro yana fita. In ka koma shagon taya, ni da kai ne.”

Sai ta danna wayar, ta gyara murya, ta aika wa zauren dangi: “Jama'a, ku sa wa Dokta albarka. Yaron nan da ya ga an soka min allura, tsabar tausayina har suma ya yi. Ban taɓa ganin likita mai imani irinsa ba. Duk mai ciwo ya taho, yana hannu nagari.”

Kafin mu kai gida, mahaifin ya kira yana shi masa albarka. Kawu mai ƙaba ya ce yana tafe. Inna mai basir ta fara neman biza. Wani maƙwabci da za a yi wa tiyata ya roƙi alfarmar Dokta ya tsaya a kansa har a gama. Tun daga ranar, Sada yake zuwa shagon mahaucin layinmu ya tsaya yana kallo, hannu ɗaya dafe da bango, mahaucin yana ce masa, “Yalla ya doktor, buɗe idon mana!”

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk wani kumburin ƙeya, tsagewar farar riga, ko cikar ɗakinka da majinyatan Funtuwa. Wanda ya bi matakan nan ya suma, ya suma don kansa. Wanda kuma yake da ƙorafi, ya same ni a filin jirgi ranar da Kawu zai sauka. Ba sai ka tambayi sunana ba, ba wanda ya sani. Ka ce abokin Dokta, mai riƙe jaka.