Sunan Mahaifiyata Da Kuka Ba Dillali

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rajistar Tambari da Ƙirƙire-ƙirƙire, ma'abocin hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, ni ne mai waldar nan na bayan tashar mota, wanda ya ƙera murhu mai cin garin katako ba ya hayaƙi. Shekara uku ina yanka ƙarfe, ina liƙawa, ina zubarwa, saboda hayaƙin itace ya ci idon mahaifiyata. Da abu ya yi kyau na sa masa suna Murhun Inna, kuma kowane ɗaya da wutar walda nake rubuta sunan a jikinsa. A jahilcina na ɗauka abin da aka rubuta da wuta ya fi na biro daɗewa. Na gode wa ofishinka da ya wayar mini da kai.

Na ɗaya: na zo neman takardar mallakar fasaha, ma'aikacinka ya tambaya ko na taɓa nuna murhun a bainar jama'a. Ina ta washe baki na ciro waya, na kunna masa bidiyon baje kolin shekara biyu da suka wuce, har da masu tafi. Sai ya rufe fayil, wai abin ba sabo ba ne, duniya ta riga ta sani. Wa ya sanar da ita? Ni. Wato, ranka ya daɗe, ni na yi wa kaina sata? Da na san dokar, ai da na kulle shi a ɗaki, mu ci gaba da shan hayaƙi har hatiminku ya iso.

Na biyu: wani dillali ya sayi guda biyu a wurina, wai ɗaya nasa ɗaya na ƙanwarsa, ashe ɗayan na farkewa ne. Mutumin nan ko ƙusa bai iya miƙarwa ba, amma ya iya cika fom. Ya riga ni zuwa tagarku da kwana tara, kuka damƙa masa sunan Murhun Inna. Ina jinjina wa saurinku, don ban taɓa jin kun gama wani abu cikin wata guda ba sai wannan. Ko an tambaye shi wace Inna? Tasa dai Mama yake ce mata, duk layinmu shaida ne.

Na uku: murhun nasa hayaƙi yake yi kamar an kunna taya. Ramukan iskar da na karkatar da gangan, shi ya ɗauka kuskure ne, ya sa aka miƙe su. Takarda tana hannunsa, zagi kuma rumfata matan unguwa ke kawowa.

Na huɗu, wanda ya sa na ɗauki biro: lauyansa ya aiko mini cewa kafin Juma'a in goge sunan daga allon rumfa da duk murhun da ke ciki. Kankare walda ba goge alli ba ne, yallaɓai. Jiya na yi guda shida, kowanne ya fito da tabo. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. An ba ni fom ɗin ƙorafi mai shafi goma sha ɗaya, na duba shi tsaf, ban ga gurbin da ake rubuta wadda ta haifi mutum ba.

Saura tambaya guda, ina neman afuwa. Murhun farko yana wurin Inna, da shi take girki. Ba ta karatu, ganin ma ya yi rauni, amma da yatsa take bin haruffan, takan ce wa baƙi ga sunanta nan. Shi ma hukuncin ya hau kansa? Idan ya hau, ina roƙon alfarma ka turo ma'aikaci da hatiminsa ya yi mata bayani. Ni dai sau biyu ina zama a gabanta don in faɗa, sai in ɓige da ƙara mata garin katako a murhun.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Mai walda na bayan tasha,
ɗan Inna, in dai wani bai riga ni rajista ba.